Sunan da Umma Ba Ta Kira

Na girma ban taɓa jin Umma ta kira sunan Yayanmu ba. In tana son a miƙa masa wani abu, sai ta ce da ni, "Ki kai wa wancan." In ya zauna a hanya tana shara, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta dubi bango, ta ce, "A ɗan matsa." Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan mahaifin Baba aka sa masa, don haka kunya biyu ce ta haɗu a kan suna ɗaya, ta ɗan fari da ta suruki. A unguwarmu ta Sabo ba wanda yake ganin wannan abin mamaki ne. Yawancin iyayen layinmu haka suke, har waɗanda aka haifa a nan Ibadan, masu zuba Yarbanci kamar a bakinsu aka ƙirƙiro shi.

Abin da ya bambanta gidanmu shi ne Yaya bai girma irin na sauran 'ya'yan fari ba. Jikinsa ya girma, ya fi Baba tsayi, gemu ya fito masa, amma fahimtarsa ta tsaya a wani wuri can baya, kamar yaron da aka ce ya jira a bakin hanya ba a dawo an ɗauke shi ba. Yana magana, kalma biyu ko uku a jere. Bai san hanya ba, bai san ranaku ba, amma ya san takun kowa a gidan. Yana son kallon ruwan sama, yana tsoron ƙararsa a kan kwanon rufi. A asibiti sun ce naƙasar ƙwaƙwalwa ce, daga wahalar da aka sha wajen haihuwarsa. Kaka kuwa cewa take yi, "Allah ne ya ajiye masa sauran wayonsa a wurinSa, don ya ga abin da masu wayon suke yi da nasu."

Kaka mahaifiyar Baba ce, ita ta ɗauke shi tun da aka yaye shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ɗakinta yana ƙarshen tsakar gida, kusa da rijiya, namu kuma yana kusa da zaure. Tsakanin ɗakunan biyu ba wata tazara, siminti ne mai tsagewa da igiyar shanya, amma ban taɓa ganin Umma ta ratsa shi ta nufi wajen Yaya a gaban mutane ba. Kaka yake kira Inna. Umma kuwa Anti yake ce mata, yadda ya ji yaran maƙwabta suna faɗa, kuma ba wanda ya gyara masa.

Da safe Kaka takan fito da tabarma ta same shi a bakin ƙofa.

"Maigidana, yau ma ba cefane?"

"Babu," in ji shi, yana dariya tun kafin ta gama.

"Kullum babu. To ni na gaji da auren nan, wajen alƙali za ni."

"A'a, Inna."

"To tashi ka wanke ido, in sake shawara."

Cin abincinsa ma yana da ƙa'ida. Sai Kaka ta kira cikakken sunansa, a hankali, ta ja ƙarshensa kamar mai rera waƙa. Sai ta ɗanɗana lomar farko a gabansa, ta hura ta biyu, ta miƙa masa. Daga nan ya ci gaba da kansa. In ba a yi haka ba, abincin zai huce a gabansa yana kallonsa.

Ina ƙarama na ɗauka Umma ba ta damu da shi ba. Sai da na fara wayo na lura da kunnenta. Tana ɗinki a ɗaki, keke yana ta sururu, Yaya ya yi tari can ƙarshen gida, sai ƙafarta ta tsaya cak. Ba ta ɗaga kai. Sai ta ji muryar Kaka tana yi masa sannu, sannan keken ya ci gaba. In hadari ya haɗo ta wajen Mokola, sararin sama ya yi duhu a kan jajayen kwanukan garin nan, sai ta ce da ni, "Je ki duba ko Kakarku ta rufe taga." Tagar Kaka kullum a rufe take. Nufinta in je in zauna kusa da shi, in kunna rediyo da ƙarfi har ruwan ya wuce.

Miya ma tukunya biyu take yi, a garin da ko shayi kamar a sa masa barkono. Ƙaramar tukunyar ba yaji, wai ta Kaka ce, saboda tsufa. Ita kuwa Kaka tana da gwangwanin yajinta a ƙarƙashin gado, ta barbaɗa har sai ta yi atishawa. Na taɓa tambayar ta me ya sa ba za ta ci tamu ba kawai.

"Ke dai ci naki," ta ce. "Uwarki ta ce tawa ce, to tawa ce."

Da gwiwoyin Kaka suka fara ba ta wahala, sai ya zama Umma ce take kai shi asibiti, ni kuma in bi su in yi tafinta, don Yarbancin Umma na cefane ne, Turanci kuwa babu. Wata rana wata ma'aikaciyar jinya, matashiya, ta tambayi sunan marar lafiya. Umma ta juyo ta dube ni. Na faɗa. Ta tambaya wace ce wannan, na ce mahaifiyarsa ce. Ta dubi yadda Umma ta zauna, kujera ɗaya a tsakaninsu, fuskarta a gefe, sai ta ce da abokiyar aikinta da Yarbanci, "Dubi uwa. Ko sunansa ba ta iya faɗa, ko taɓa shi ba ta yi. Ƙyamarsa take."

Abokiyar aikin dattijuwa ce. Ita hannun Umma take kallo, wanda yake kan cinyarta yana murɗa bakin mayafi. Ta yi mata sannu da Yarbanci, "Mama, pele, miƙo hannunki." Ta ɗaura mata abin awo, ta duba, ta sake dubawa. Ranar muka san Umma tana da hawan jini. Ta tambaye ta ko tana samun barci. Umma ta ce tana samu, kuma na fassara haka duk da na san ba gaskiya ba ne.

A cikin tasi muna dawowa Umma ta ce, "Me yarinyar nan ta ce?"

"Ta ce mayafinki ya yi kyau."

Muka wuce shataletale. Sannan ta ce, "Ina jin Yarbanci fiye da yadda kike zato." Ta juya tana kallon titi. Yaya yana gaba kusa da direba, yana ɗaga wa kowace mota hannu.

Baba nasa damuwar a waya take fitowa. Dillalin albasa ne a Kasuwar Shasha, ƙamshinta ba ya barin rigunansa ko an wanke. In aka kira shi daga gida, kafin sallama sai ya ce, "Lafiya?" In shi ya kira, sai ya tambayi kowa da kowa, har kajin Umma, can a ƙarshe ya ce, "Mutanen ƙarshen gida fa?" Wata rana ya dawo da wuri ya tarar da samarin layi sun sa Yaya a tsakiya suna tafa masa yana rawa, suna ɗaukarsa a waya. Yaya yana ta murna, ya ɗauka wasa ake da shi. Baba bai yi faɗa ba. Ya kamo hannunsa ya shigo da shi, ya zauna a zaure har abincinsa ya huce. Washegari ya kira kafinta ya sa sakata a can saman ƙofa.

Na taɓa kai masa shayi a zaure yana tare da wani amininsa, na ji yana cewa, "Ni ba yau nake tsoro ba, Alhaji. Yau ina nan, tsohuwa tana nan. Ranar da ba ma nan nake tunani." Da ya gan ni sai ya koma zancen tsadar mota.

Kaka ta rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina zuwa daga gida. Yaya ya ga an fita da ita, ya ɗaga wa makarar hannu yadda yake ɗaga wa motoci. Da yamma ya ɗauko langarsa ya zauna a bakin ƙofarta.

Nan ya ci gaba da zama. Na gwada yin yadda take yi, na kira sunansa na ja ƙarshen, na ɗanɗana, na hura. Ya dube ni da tausayi, kamar ni ce ban gane ba, ya ce, "Ba Inna ba." Wani lokaci ya karɓi shayi da ɗan burodi a hannuna, wani lokaci ya kau da kai. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Rannan masu zuwa gaisuwa suka bar ƙofa a buɗe, ya fita nemanta, sai wajen 'yan canji wani ɗan okada da ya san Baba ya gan shi a tsakiyar titi, ya dawo da shi. Umma tana tsaye a bakin ɗakinmu aka shigo da shi, mata cike da tsakar gida. Ta dube shi daga sama har ƙasa da sauri, sau ɗaya, ta koma ciki. Da na bi ta na tarar ta dafa keken ɗinki da hannu biyu tana numfashi kamar wadda ta yi gudu.

Ƙaramar tukunya kuwa ba ta daina ɗora ta ba. Yanzu ba Kakar da za a ce tata ce, sai ta daina cewa komai, ta zuba ta miƙo mini.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Arewa don addu'ar arba'in. Mace ce mai jiki da murya, mai barkwanci, in tana dariya har maƙwabta sai sun tambayi abin da aka ce. Muryarta tana kama da ta Kaka. Ta kwana biyu tana kallon Yaya a bakin ƙofar nan, ranar da baƙi suka watse ta tara Baba da Umma a ɗaki. Ni ina gefe ina ninke tabarmi, ba wanda ya kore ni.

"Yaron nan amanar uwarmu ce," ta ce. "Ta tafi, amana ta dawo kaina. Zan tafi da shi. Can akwai fili, akwai awaki, ba motocin da za su kwashe shi. Nan kuwa kai kana kasuwa, wannan tana makaranta, matarmu kuma ga ciwo."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Na ga sauƙi ya sauko masa a fuska, na kuma ga ya ji nauyin sauƙin. Ya ce da yayar tasa, "To, in kin ga haka ya fi."

Gwaggo ta juya. "Matarmu, ke fa? Kin yi shiru kamar an aiko ki."

"Duk yadda kuka yi daidai ne, Gwaggo," in ji Umma.

Abin da ake jira ta faɗa ke nan. Uwa ba ta sa baki a zancen ɗan fari, balle a gaban dangin miji. Aka tsayar cewa in motar abokin Baba ta sauke albasa a Shasha za ta koma Arewa, Gwaggo da Yaya za su shiga gaba.

Umma ta wanke kayansa duka, har waɗanda ba su yi datti ba. Muna ninkewa a ɗaki, sai ta fara ba ni labari ba tare da ta dube ni ba. Ta ce tana yarinya akwai wani bawan Allah a garinsu, irin wannan lalurar gare shi. Mutanen gidansu suna son sa. Amma in damina ta yi kowa ya tafi gona, sai su ɗaura masa igiya a ƙafa a jikin turke, a inuwa, su ajiye masa ruwa.

"Ba mugunta ba ce," ta ce. "Gona ce ba ta jira."

Ta shafa wata riga ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Ta ce Gwaggo mutuniyar kirki ce, amma ita ma girma ya zo mata, surukanta ne za su yi aikin, su kuma da nasu 'ya'yan.

"Umma, ki faɗa musu mana."

"In ce me?"

"Ki ce ba kya so."

"In buɗe baki a gaban yayar babanku in ce ɗana? Da wane idon zan sake kallonta?"

"To ni in faɗa."

"Ki faɗa a ce ni na aiko ki." Ta ɗan yi murmushi. "Ku 'yan boko komai a bakinku yake. Miƙo mini wandon can."

Na yi fushi da ita ranar, na fita na zauna a bakin rijiya. Na karanta abubuwa da yawa a kan irin lalurar Yaya, ina da kalmomi manya-manya a kaina, amma ba ko ɗaya da zai shiga ɗakin nan ya zauna. Ina kallon ruwan rijiya ina tunanin shekarun da ta yi tana jin ɗanta ta bango, kamar mai sauraron rediyon maƙwabta.

Ranar tafiya gari ya waye da hadari. Tasin da za ta kai su Shasha ta tsaya a ƙofar gida, an sa jakar Gwaggo da ta Yaya a baya. Umma ta fito da kular abinci ta miƙa wa Gwaggo, sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan kular.

"Ba a sa yaji. In da zafi a hura. In ruwa ya sauko a kunna rediyo, ko a toshe kunne da hannu. Ba a ja da ƙarfi, miƙa hannu ake yi a jira. In an ga ana shafa ciki ba yunwa ba ce, bayi ake so."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Matarmu, ashe kina leƙe."

Umma ta koma baranda ta tsaya.

Yaya yana wurinsa, da langarsa a cinya. Baba ya je ya tsaya a kansa. "Tashi mu je, ga mota." Yaya yana son mota, amma ya sa hannu ya kama ƙyauren Kaka. Baba ya kama kafaɗarsa, ya ƙara ƙanƙamewa. Sai Gwaggo ta ce a bar mata. Ta gyara murya ta kira sunansa, ta ja ƙarshen daidai yadda Kaka take yi.

Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta yi haske gaba ɗaya. Ya duba bayan Gwaggo, ya duba cikin ɗaki, ya duba bakin rijiya. Sannan hasken ya tafi. Ya yi wani sauti da ban taɓa jin ya yi ba, ba kuka ba, kamar dai abu ne ya tsage a ciki. A daidai lokacin ruwa ya sauko, irin na Ibadan da ba ya sallama. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara. Yaya ya saki langar, ya fara dukan kunnuwansa da tafin hannu.

Na juya zan ɗauko rediyo, sai na tuna an sa ta a jakarsa. Baba yana tsaye hannuwansa a sake. Matan gidan haya na kusa sun leƙo ta katanga tun da suka ji tasi.

Sai na ga Umma ta sauka daga baranda. Ba gudu ta yi ba. Ta ratsa tsakar gidan nan a cikin ruwa, ta sunkuya ta wuce igiyar shanya, ta durƙusa a gabansa. Ta cire hannuwansa ta sa nata a kan kunnuwansa. Ya yi ƙoƙarin fizgewa, ta riƙe. Ta matso da fuskarta kusa da tasa yadda zai ga bakinta, ta kira sunansa.

Bai fito da kyau ba. Ya fito a karye, kamar kalmar baƙon harshe da mutum ya daɗe yana maimaitawa a zuci bai taɓa furtawa ba. Ba ta ja ƙarshen ba. Ta sake kira, wannan karon ya fi fita.

Yaya ya tsaya. Ya dube ta ya daɗe, yadda yake kallon ruwa ta taga.

"Anti," ya ce.

"Na'am."

Suka zauna a haka har ƙarar ta ragu. Sannan ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba, in kawo kular. Na karɓo daga hannun Gwaggo. Ta buɗe, ta ɗanɗana lomar farko a gabansa, ta hura ta biyu, ta miƙa. Ya dubi lomar, ya dubi ƙofar Kaka. Ya karɓa. Loma kaɗan ya ci ya kau da kai, amma ya ci.

Direban tasi ya danna ham a waje.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Umma, kanta a sunkuye. "A bar shi."

"A bar wa?"

Ruwa yana ɗiga daga bakin ɗankwalinta.

"A bar mini ɗana."

Gwaggo ta tafa hannu a hankali. "Ikon Allah. Ibadan ta cinye kunya. Sunan ubana a bakinki, a gabana, kamar kina kiran mai tallan gyaɗa." Ta dubi Baba. "Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka." Ba wasa take yi ba gaba ɗaya, ranta ya sosu. Ta gyara mayafi, ta sauke murya. "Za ki iya? Ke da jininki yake hawa kamar farashi? Wannan ba yaye ba ne da za a ce wata kaza an gama. Har ƙarshen rai ne."

"Ban sani ba," in ji Umma. "Amma in yana can ma ba barcin zan yi ba."

Baba ya cire hularsa ya share fuska da ita, ya mayar. Ya fita cikin yayyafi. Da ya dawo jakar Yaya tana hannunsa. Ya tsaya da ita a tsakar gida kamar bai san inda zai kai ta ba, sannan ya wuce ya ajiye ta a ɗakin Kaka.

Gwaggo ta tafi ita kaɗai. Sallamar da ta yi wa Umma gajera ce. Sai da aka kwana biyu ta kira wayar Baba, ta ce a ba ni, ta tambaye ni ko marar kunyar nan tana shan maganinta, kuma ko maigidan tsohuwa yana cin abinci.

Umma ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin Kaka, har da keken ɗinki. Matan layi sun yi zancen na ɗan lokaci. Wata ta ce zamani ne, wata ta ce lalura ai ba ta san al'ada ba, wata tsohuwa kuma ta daina amsa gaisuwar Umma da sakin fuska har aka yi Sallah.

Ba zan ce damuwarta ta ragu ba. Har yanzu ƙafarta tana tsayawa a kan keke in ya yi tari, sai dai yanzu tana tashi ta je. Har yanzu akwai ranakun da yake ɗaukar langa ya zauna yana jiran Inna, ba ya karɓar komai a hannun kowa, ita ma ranar ba ta ci. Ta rame. Wani lokaci in na dawo daga makaranta nakan same ta zaune tana kallonsa yana barcin rana, da irin kallon mai lissafin abin da ba ya lissafuwa, na san tambayar Baba ce take yi wa kanta, ta ranar da ba sa nan. Ba ta taɓa ɗora mini ita ba. Ni ma ban ce komai ba tukuna, amma na koyi hura loma yadda yake so, kuma ranar da ta je asibiti yana karɓa a hannuna.

Baba in ya kira yanzu ba ya bi ta kan kaji. Yana cewa, "Ya ci?"

Sunan kuwa ba ta yawan faɗarsa. In da baƙi, wancan ne har gobe. Sai lokacin abinci, in gida ya yi shiru, nakan ji shi daga ƙarshen tsakar gida, a hankali, ya fara laushi a bakinta, har ta fara ɗan jan ƙarshensa.

Kwanan baya wata ƙanwar Umma ta zo daga Bodija, ta ji ya ce Anti, sai ta zauna a gabansa tana koya masa.

"Ba Anti ba. Ka ce Umma. Um-ma."

Yaya ya yi dariya, ya nuna Umma da yatsa. "Anti."

"Kai, wannan ita ta haife ka."

"Ƙyale shi," in ji Umma, tana hura masa kunu. "Ni ma na daɗe ban kira shi daidai ba."